Gilashi Mai Gani a Duhu

"Gilashin kyamara nake so, wanda zai fito da fuskar mutum bayan faɗuwar rana, ba tare da filasha ba," in ji baƙon.

Garba, mai shagon hoto a Dutsin-Ma, ya ƙare masa kallo. Suhaib sunansa, manomin albasa ne daga Zobe. Me ya haɗa manomi da hoton duhu?

"Wannan mai faɗin bakin ya fi shan haske," Garba ya ce. "Amma wa za ka ɗauka da ba ka so ya sani?"

"Tsuntsaye."

Tsuntsaye masu fuskar mutane! Nan take zuciyar Garba ta raya masa cewa infoman 'yan bindiga ne. Duk da haka ya sayar masa da gilashin.

Bayan kwana uku Suhaib ya dawo da kyamararsa a wanke masa hotuna. Garba ya ba shi kujera, ya zagaya baya ya kira Malam Ilu, shugaban 'yan sintiri. Ilu na shigowa da bindigarsa, Garba ya kulle ƙofa ya miƙa masa makullin.

Suhaib ya dafe kai. "Malam Garba, ka kashe mu."

Garba bai kula shi ba, ya kunna kyamarar. Hoton farko ya fito tas: bakin dam da magariba, 'yan bindiga uku suna karɓar jarkokin fetur. Mai miƙa musu kuwa Ilu ne, har da hular da ke kansa yanzu.

Ilu ya leƙo ta kafaɗarsa, ya jefa makullin a aljihu.

"Kai, Garba, gilashin nan naka yana da kyau."