Taragai Masu Tsawon Yatsa

Ta tura ƙofar tana zaton likita za ta gani, sai ga tsofaffi huɗu sun duƙufa a kan tebur.

Tun kaka mijinta ke ɓacewa duk Laraba, ya dawo yana tari, ya ce yawo ya je. A garin da kwal ya cinye huhun rabin mazansa, ta san irin wannan yawon. Yau ta bi sawunsa cikin dusar ƙanƙara har wani ɗaki a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

Garinsu ne na da a kan teburin, an ƙanƙanta shi. Ga layin dogo, ga baƙaƙen taragai masu tsawon yatsa, a buɗe ta sama, da ƙofofin zubar da kwal a gindi, irin waɗanda mijinta ya tsufa yana haɗawa a tashar.

"Baban yara, asibitin naka ke nan?"

"Wane asibiti?" Ya ɓoye burushi a bayansa.

"To tarin fa?"

"Warin fenti ne, uwargida," in ji wani mai sanƙo. "Ya hana mu buɗe taga, wai taragansa za su yi mura."

Ta zauna. Nan ta hango gadar da ke ƙetare layin. A kanta ga yarinya kamar ƙwayar shinkafa, da jan gyale irin nata na budurci, tana ɗaga wa taragai hannu.

"Ai ba kai nake ɗaga wa ba," ta ce, tana share ido.

"Na sani," ya ce. "Amma ni kaɗai na amsa."