Sai Kai Bakwai

Tun da doka ta ce ba tallafin bincike sai masana bakwai sun haɗa kawunansu da na'ura ɗaya, Dakta Talatu ta saba da jin tunanin abokan aikinta. Cutar karkarwa suke nema wa magani.

Ran Litinin tana zuba sukari a shayinta, sai hannunta ya hau rawa, sak irin na Farfesa Gambo, shugabansu da aka binne ran Juma'a. Ta dubi mataimakinsa, Dakta Ilu. Shi ma kofinsa rawa yake.

"Innalillahi! Ilu, ba ku cire Malam daga na'urar ba?"

Ya sunkuyar da kai. "In muka koma shida, tallafin ya tafi."

Sai muryar Malam ta taso a cikin kanta: "Talatu, kin san ba na shan sukari."