Tafin da Ya Daɗe Yana Jira

Ana tsaka da tafa wa abokiyar aikinsa, injiniyan ya zagaya bayan tankuna ya murɗe famfo, don ruwan ya wuce ba tare da ya bi ta na'urarsa ba.

Tare suka yi aikin tace ruwan dattin masana'antar rini, amma kullum ita ake yabo. Masaniyar ƙwayoyin halitta ce. Ƙwayoyin da take kiwatawa suna cinye launi, ruwa ya shiga baƙi ƙirin ya fito garau, masu kallo su riƙe baki. Shi kuwa na'urarsa gubar da ido ba ya gani take cirewa. Wa zai tafa wa abin da bai gani ba?

"Bari a kai ruwan yau ɗakin gwaji," ya ce a ransa. "Za su san wanda ke riƙe da aikin nan."

Ya dawo ya tsaya can baya, fuska a murtuke. Manaja sai washe baki yake: "Dakta, kin fitar da mu kunya!"

"Ranka ya daɗe, ni kwalliya kawai na yi wa ruwan," ta ce. Ta tara kofi a bakin bututu, ta nuno injiniyan. "Ga wanda ya sa ya shawu can. Abin da ya bi ta hannunsa, ko 'ya'yana zan ba."

Aka juyo gaba ɗaya ana tafa masa.

Ta yi bismillah, ta kai kofin baki.