Ɗaki Mai Ɗumi

Mai gwanjo ya buga guduma, taraktar da wani tsoho ya gada wurin ubansa ta zama ta wani.

Wanda ya saya, mai tara tsoffin injuna, ya kama hannun tsohon. "Kwantar da hankalinka, dattijo. Fenti zan yi mata, in ajiye ta a ɗaki mai ɗumi. Ta gama wahalar masara, sai dai a zo ganinta ranar Lahadi."

"Ba ta son zama," in ji tsohon. "Tsatsa take yi."

Ya juya wajen motar ɗansa, inda akwatinsa ke jira. In ban da fentin, abin da ɗan ya faɗa masa ke nan game da gidan tsofaffi.