Awarwaron Uwata

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina hannun kakata a Illo, don uwata ta rasu. Wata rana da la'asar ta zaunar da ni gindin rumbu, ta ɗauko gwangwanin madara mai kauri, irin wadda fatake ke shigowa da ita daga Dahome. Ta huda shi da ƙusa, ta tsiyaye shi kaf cikin furar da ta riga ta sha man shanu. Har yau ina jin ƙamshin nan a maƙogwarona.

Na ce, "Inna, na ƙoshi."

Ta kama hannuna, ta murza awarwaron uwata da ta sa mini. Ma'auninta ke nan: in ya juya, to na rame. Ya ɗan juya.

Ta ce, "Sha, ɗiyata. Ba za a ce marainiya ta lalace hannuna ba."

Na kafa kai na shanye. Sa'o'ina na can suna tsere zuwa rafi. Ni tuni na daina bin su, don haki nake yi.

Kafin damina awarwaron ya nutse cikin tsoka, sai da maƙeri ya yanke shi. Inna ta yi ta nuna wa maƙwabta shi.

Yanzu gwiwoyina sun gaji da ɗaukata, likita ya raba ni da suga. Ban taɓa jin haushin Inna ba. Jiya ma na tsinci kaina ina murza hannun jikata.