Dakuwar Hedimasta

Ana kaɗa ƙararrawar tara, Malam Muntaka ya tura ƙofar ofis da ƙafa, ya leƙa ta taga ya yafito Mati mai gadi.

Kullum haka ake yi. Hedimasta ya zaro samirar da matarsa Safara'u ta cusa masa a jaka, ya miƙa wa Mati ko murfin bai ɗaga ba. "Sadaka," in ji shi. Sannan ya ɗora kuɗi a kai, ya rage murya. "Ka san sauran."

Mati kuwa ya sani. Kafin malamai su gama wanke allin hannunsu ya dawo da ƙullin baƙar leda a aljihun riga, yana waige-waige kamar wanda ya sato kaza.

Dakuwa ce. Amma wace irin dakuwa! Mai laushi, mai maiƙo, zaƙinta har kunne. Malam Muntaka yakan saka sakata, ya zauna, ya lumshe ido, ya manta da albashin da ba ya kai tsakiyar wata.

Abin da ya sa ake wannan ɓoye-ɓoye, malamin asibiti ne a Shanono ya gwada jininsa ya ce sukari ya yi yawa. Ya kuma ja masa kunne: in aka sake gwaji bai sauka ba, allura ce kullum, kuma shi da kansa zai riƙa tsira wa cikinsa. To, Malam Muntaka mutum ne da tsawarsa ɗaya ke tsit da makaranta, amma allura? Wayyo! Duk ranar da masu rigakafi za su zo, sai ya tuna yana da taro a sakatariya.

Daga ranar Safara'u ta ɗaura ɗamara. Shayi ya zama salam. Ta shiga daka masa dakuwar aya da gyaɗa, dabino a madadin sukari, wai ya riƙa taɓawa a wurin aiki kada kwaɗayi ya ja shi. Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci tun bai ɗanɗana ba: abin da babu sukari magani ne, kuma ba a shan magani don marmari.

Mati ne ya cece shi. Ya ce akwai wata mata a cikin gida, ba ta ɗora wa yara talla, sai wanda ta sani take ba. Hedimasta bai tambayi ko matar waye ba. Haka sana'ar matan kulle take, ka ci abin hannun mace shekara da shekaru ba ka san ko doguwa ce ko gajera ba.

Shekarar kuwa ta yi tsanani. Mai shayi na auna sukari yana ƙanƙance ido, masu alewa sun kife faranti, alkaki ya koma sai a gidan biki. Amma dakuwar nan ba ta ƙara kuɗi ba, ba ta rage girma ba. "Mace mai tsoron Allah ke nan," Malam Muntaka kan ce, bakinsa cike.

Da yamma ya mayar wa Safara'u da samira wankakkiya.

"Malam, ka cinye?"

"Tas!"

"Madalla. Allah ya ƙara lafiya." Sai ta juya da sauri tana gyara ɗankwali, ta nufi wajen tunkiyar da ta saya a wannan marra da kowa ke sayar da tasa. Har tausayinta yake ji, baiwar Allah.

Ana nan, ranar gwaji ta matso. Tsoro ya kama Malam Muntaka, tsoro na gaske. Ƙaya ta soke shi a hanya sai da ya yi salati. Ya rantse ya bar dakuwa, rantsuwar ta kai har ƙararrawar tara. Kashegari ya sake rantsewa, ya ci biyu don baƙin ciki.

Da ya ga ba zai iya bari ba, sai dabara ta zo masa. Zai je ya roƙi matar ta riƙa yi masa tasa daban, ta rage sukari, ko rabi ne, har a wuce gwajin.

"Ni zan faɗa mata," in ji Mati.

"Kai? Ka je ka ce ta ƙara! Da bakina zan yi magana."

"Ranka ya daɗe, matar aure ce fa. Sai da izinin mijinta."

"Zan nema. Hau!"

Mati ya hau bayan babur yana karanto duk addu'ar da ya iya. Ya ce a yi dama, aka yi. Ya ce a ratsa ta gonakin dawa, aka ratsa. Ya zagaya da shi ta bayan makabarta, ta bakin rafi, ta wajen injin niƙa, ko Allah zai sa mai ya ƙare. Hedimasta na zage-zage a kan tsadar fetur, amma bai juya ba. Allura na jiransa.

Da suka ɓullo daga cikin dawa Hedimasta ya taka birki. Unguwarsu ce! Ashe maƙwabciya ce. In Safara'u ta ji ƙarar babur ɗinsa ta leƙo, kashinsa ya bushe. Ya kashe inji, ya ja hula har gira, ya sunkuyar da kai yana turawa, Mati na gaba.

Mati ya tsaya. Ya share gumi, ya ja da baya daidai inda hannu ba zai kai shi ba, ya nuna zauren da Malam Muntaka ya fito daga cikinsa da safe.

"Ranka ya daɗe, ga gidan. Izinin kuma sai ka ba kanka."