Tarin Ƙaiƙayi

Wata la'asar a masussukar ƙauyenmu kusa da Cadakori, Inna tana shiƙar hatsi, na tambaye ta: yaya Yesu mai salama zai dawo ya ware tsaba, ya ƙone ƙaiƙayi, kamar yadda fasto ya faɗa?

"Duka gaskiya ne," ta ce, ba ta dube ni ba.

"To Kaka da take salla fa? Tsaba ce ko ƙaiƙayi?"

Ƙwaryar shiƙar ta tsaya cak a sama. Kaka ce ta haife ta, kuma furarta muka sha da rana.

"Ɗauko tsintsiya," in ji Inna.

Ranar ba ta cinna wa tarin ƙaiƙayin wuta kamar yadda ta saba ba. Har yau in na ji ƙaurin ƙaiƙayi, gabana faɗuwa yake.